Tarihin Claude Debussy, Makaɗin da Ya Ƙi Mayar da Sauti Gida

Da aka ce kowane ɗalibin aji uku ya kawo wa mujallarmu tarihin wani shahararren mutum da ya daɗe da barin duniya, na san yawancin 'yan ajinmu wajen sarakuna da malamai da marubuta za su nufa, kuma hakan daidai ne. Ni kuwa sai na ga bari in kawo baƙo daga nesa, wani Bafaranshe mai tsara kiɗa da ake kira Claude Debussy, wanda a bakinmu za mu ce Kulod Debusi. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya fara jin dalilina.

Ni ba Bahaushe ba ne. A Ibadan aka haife ni, kuma Hausar farko da ta shiga kunnena a unguwar Sabo na ji ta. Tun kafin in fara karatun Hausa a aji, abin da na fara koyo shi ne kibod, a hannun kawuna, wanda yake kaɗa wa wata ƙungiyar makaɗa da ake ɗauka zuwa bukukuwan aure. Ina ɗan shekara 16 ya ba ni dama in riƙe kibod ɗin a wani biki. Waƙa ta zo ƙarshe, wurin da kowa ya san za a sauka a kan do, mi, so, sai yatsana ya zame ya ƙara re a sama. Ni dai abin ya yi mini daɗi a kunne. Kawu kuwa harara ya watso mini, da muka koma gida ya yi mini faɗa sosai, wai na bar waƙar mutane a tsaye ban zaunar da ita ba. Sai da shekaru suka wuce na gane cewa abin da na taɓa bisa kuskure yana da suna a wajen masana, kuma akwai mutumin da ya sha irin wannan faɗa a hannun malamansa shekara ɗari da wani abu kafin ni, shi kuma da gangan yake yi.

Mene ne damin tara?

Ba za a gane abin da Debusi ya yi ba sai an ɗan zauna gaban fiyano. Fiyano yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Fararen suna bin tsanin nan da muka koya tun a firamare: do, re, mi, fa, so, la, ti, sai a sake komawa do a zango na gaba. Idan muka ba su lamba, do shi ne 1, ti shi ne 7, do na sama 8, re na sama kuma 9.

Idan aka danna sautuka uku ko fiye a lokaci guda, makaɗa suna kiran wannan kod. Na yi ta tunanin yadda za a faɗe shi da Hausa, sai kalmar dami ta faɗo mini, domin kamar yadda ake tara zangarniyar gero a ɗaure wuri ɗaya, haka ake tara sautukan. Malamaina za su iya samo kalmar da ta fi wannan, amma da ita zan yi aiki a nan. Yadda ake ɗaure damin shi ne a danna maɓalli ɗaya a tsallake ɗaya. Do, mi, so shi ne dami mafi sauƙi. A tsallake ɗaya a ƙara ti, ya zama damin bakwai. A sake tsallake ɗaya a ƙara re na sama, to an samu damin tara, mai sautuka biyar.

Ɗanɗanon damin yana canzawa gwargwadon inda aka fara shi. Wanda ya tashi daga do, wato do, mi, so, ti, re, yana da haske da natsuwa. Wanda ya tashi daga re, wato re, fa, la, do, mi, yana da ɗan sanyin jiki, kamar mutum na tuna wani abu da ya wuce. Wanda ya tashi daga so kuwa, wato so, ti, re, fa, la, shi ne mai rigimar, domin da ka ji shi za ka ji kamar an yi tambaya ana jiran amsa. Idan aka sauke la ɗin nan zuwa baƙin maɓallin da ke hagunsa, sai damin ya yi ɗaci, irin wanda ake sa wa fim a lokacin tashin hankali. Abin da na taɓa a wajen biki shi ne ƙaramin cikinsu, do, mi, so da re ba tare da ti ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar sautuka biyar masu nisa haka cikin sauƙi, saboda haka raba su ake yi. Ga abin da mai kibod a gida zai iya gwadawa. Hagu ta danna re a ƙasa, dama ta danna fa, la, do, mi. Sai hagu ta koma so, a dama kuma yatsu biyu kawai su motsa, do ya sauka ti, mi ya sauka re. Sai hagu ta koma do, ɗayan yatsun biyu su motsa, fa ya sauka mi, la ya sauka so. An yi damin tara uku ke nan a jere, hannu bai yi wani tsalle ba. Idan yatsu suka yi ƙaranci, sauti na biyar ake fara yarwa, domin shi ne wanda kunne ba ya kewarsa. Na uku da na bakwai kuwa su ne gishirin miyar.

To, ga inda dokar take. A littattafan jituwar sauti na Turai a ƙarni na 19, damin tara baƙo ne da ba a yarda ya kwana ba. Idan ka danna so, ti, re, fa, la, wajibi ne ka mayar da shi gida: la ya sauka so, fa ya sauka mi, ti ya hau do. Manyan makaɗa irin su Beethoven da Chopin da Wagner duk sun yi amfani da shi, saboda haka ba Debusi ne ya ƙirƙiro shi ba. Amma a hannunsu galibi hanya ce ta zuwa wani wuri. Dokar da kawuna ya yi mini faɗa a kanta ita ce wannan, ko da yake bai taɓa buɗe ɗaya daga cikin littattafan ba.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Debusi ranar 22 ga Agusta, 1862, a garin Saint-Germain-en-Laye kusa da birnin Faris. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa, Manuel, yana da ɗan kantin sayar da kwanukan tangaran, mahaifiyarsa Victorine kuma ɗinki take yi. Kantin bai yi albarka ba, aka rufe shi a 1864, iyalin suka koma Faris suna ta fama. Babu makaɗi ko ɗaya a gidan, kuma yaron bai taɓa shiga makarantar boko irin ta sauran yara ba.

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furusiya, sai mahaifiyarsa ta tafi da shi garin Cannes a kudancin ƙasar, wajen gwaggonsa. Gwaggon nan ce ta biya aka fara koya masa fiyano. Mahaifin kuwa ya zauna a Faris, ya shiga cikin 'yan tawayen da suka kafa gwamnatin da ake kira Commune a 1871. Da aka murƙushe su aka yanke masa ɗaurin shekara huɗu, ya yi ɗaya aka sake shi. Wani ikon Allah, a tsare ɗin ne ya haɗu da wani makaɗi, Charles de Sivry, wanda ya haɗa yaron da mahaifiyarsa, Madam Mauté de Fleurville, malamar fiyano da ke cewa ta yi karatu a wajen Chopin. Ita ce ta shirya shi, har a 1872, yana ɗan shekara 10, ya samu shiga babbar makarantar kiɗa ta Faris, wato Conservatoire. Shekara 11 ya yi a can.

Ɗalibi mai taurin kai

Burin iyayensa shi ne ya zama gwanin kaɗa fiyano da zai riƙa cika ɗakunan taro yana kawo kuɗi gida. Wannan buri bai cika ba. Ya samu lamba ta biyu a gasar fiyano ta makarantar a 1877, amma ta ɗaya ta gagare shi, shekaru biyun da suka biyo baya ma bai samu komai ba. A ajin jituwar sauti na Émile Durand kuwa rigima ce kullum. Malamin ya ga yaron yana da kunne, amma aikinsa cike yake da abin da littafi ya kira kuskure. Wani abokin karatunsa, Maurice Emmanuel, ya rubuta daga baya yadda Debusi yakan zauna gaban fiyano ya yi ta jero damin bakwai da damin tara ɗaya bayan ɗaya, ba ya mayar da ko ɗaya gida, 'yan aji suna kewaye da shi, wasu na dariya, wasu sun yi tsit. Emmanuel ɗin ne kuma ya adana hirar da Debusi ya yi da malaminsa na tsara kiɗa, Ernest Guiraud, bayan ya bar makaranta. Guiraud ya yarda abin yana da daɗin ji, amma ya ce a ƙa'ida ba shi da ma'ana, Debusi kuma ya nuna masa cewa shi a wajensa kunne ne alƙali.

A nan zan ɗan tsaya in faɗi ra'ayina, domin na ga wasu matasan makaɗa suna ɗaukar wannan labari a matsayin izinin ƙin koyon ƙa'ida. Debusi ya san dokar sarai. A 1880 ya ci lamba ta ɗaya a ajin rakiyar mawaƙa da fiyano, ajin da sai wanda ya iya karanta kiɗa nan take yake tsira a cikinsa. A 1884 kuma ya ci babbar gasar masu tsara kiɗa ta ƙasar, Prix de Rome, da wani aiki mai suna L'enfant prodigue, wanda ya rubuta daidai yadda alƙalan suke so. Ni da nake koyon Hausa a matsayin harshe na biyu na fahimci bambancin. Idan tsohon mawaƙi ya karya ka'idar nahawu don karin waƙarsa ya daidaita, gwaninta ce. Idan ni na ce mace ya zo, jan biro ne ke jirana.

Talauci ya sa tun yana ɗalibi yake neman aikin hutu. Daga 1880 zuwa 1882 ya riƙa yi wa wata attajira 'yar Rasha, Nadezhda von Meck, aikin kaɗa fiyano da koyar da 'ya'yanta. Ita ce matar da ta daɗe tana ɗaukar nauyin Tchaikovsky. Tare da iyalinta ya ga Italiya da Switzalan, ya je har Mosko.

Rum, Jamus da baje kolin 1889

Ladan cin gasar shi ne zama a birnin Rum, a wani katafaren gida da ake kira Villa Medici, gwamnati na ciyar da kai kana rubuta kiɗa. Debusi ya isa a farkon 1885, kuma bai ji daɗin zaman ba ko kaɗan. Abinci bai yi masa ba, abokan zama ba su yi masa ba, ga shi zuciyarsa tana Faris wajen wata mawaƙiya matar aure, Marie Vasnier, wadda ya tsara wa waƙoƙi fiye da ashirin. Ayyukan da ya aika gida ma alƙalai sun ce ba su da kan gado. A 1887 ya tattara ya koma Faris.

Shekaru biyu a jere, 1888 da 1889, ya je garin Bayreuth na Jamus don jin kiɗan Wagner, wanda a lokacin ya mamaye zukatan matasan makaɗan Turai. Abin ya kama shi sosai, daga baya kuma ya gane cewa idan ya bi wannan hanya a inuwar wani zai ƙare. Mafita ta zo masa a 1889, a babban baje kolin duniya da aka yi a Faris, wanda dominsa aka gina hasumiyar Eiffel. A can ya ji makaɗan tsibirin Java na ƙasar Indonesiya ta yau suna kaɗa gamelan, tarin ƙararrawa da faifan tagulla masu amo iri-iri. Kiɗan nan bai san dokar so ya koma do ba. Sautuka suna hawa kan juna, suna kewayawa, suna daɗewa a iska, kuma babu wanda ya ji an bar wani abu a tsaye. Ya yi ta komawa rumfar yana saurare.

Ba shi kaɗai ne yake wannan lalube ba. Erik Satie, wanda ya zama abokinsa na shekaru da yawa, ya riga ya rubuta wasu kaɗe-kaɗen fiyano uku a 1887 cike da damin tara da ba a mayar gida ba. Sai dai Debusi ne ya ɗauki abin ya gina babban gida da shi.

Abin da ya yi da damin

Dabararsa mai sauƙin faɗa ce. Ya ɗauki damin so, ti, re, fa, la, maimakon ya warware shi, sai ya ɗaga hannun gaba ɗaya ya sauke shi taki ɗaya ƙasa, tazarar da ke tsakanin yatsu ba ta canza ba. Sai ya sake saukewa, ko ya haura. Damin ya daina zama tambaya, ya koma kamar launi da ake shafa wa karin waƙa, duk inda karin ya nufa launin na biye da shi. Wanda ya gwada wannan a kibod zai ji kamar ƙasa ta ɗan janye daga ƙarƙashin ƙafarsa, domin kunne ya rasa inda gida yake. A cikin Nuages, wato Gizagizai, kashi na farko na aikinsa Nocturnes da aka fara kaɗawa a 1900, akwai wurin da masu goge suke gangarowa da damin tara a jere haka, kuma da gaske kamar hadari ne ke tafiya a hankali.

Akwai wani sirri kuma da na daɗe ban lura da shi ba. Idan ka cire re daga damin nan, abin da ya rage, so, la, ti da fa, duk suna cikin wani tsani mai sautuka shida wanda kowane mataki nasa taki ɗaya ne cif, babu rabi. Wannan tsani ba shi da kai ba shi da gindi, ko'ina ka fara daidai ne. Debusi ya ƙaunace shi ƙwarai, har ya rubuta wani kiɗan fiyano mai suna Voiles kusan gaba ɗaya a kansa. Ashe damin tara da tsanin nan 'yan ɗaki ɗaya ne.

Sunansa ya fara fitowa a Disamba 1894, da aka kaɗa Prélude à l'après-midi d'un faune, kiɗan minti goma da ya gina a kan waƙar Mallarmé, wanda sarewa ɗaya tilo take buɗewa. Amma abin da ya mayar da shi sananne shi ne wasan opera ɗaya da ya kammala a rayuwarsa, Pelléas et Mélisande, wanda aka fara nunawa ranar 30 ga Afrilu, 1902, kusan shekara tara bayan ya fara aikinsa. An sha rigima. Marubucin wasan, Maurice Maeterlinck, ya fusata don an hana masoyiyarsa babban matsayi an ba wata 'yar Sikotlan, Mary Garden, har ya fito fili yana yi wa wasan fatan faɗuwa. Shugaban Conservatoire ya hana ɗalibansa zuwa kallo. Matasa kuwa suka yi ta cika kujerun sama masu araha dare bayan dare. A 1903 gwamnati ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur.

Daga nan ne manyan ayyukansa na fiyano suka yi ta fitowa. Estampes na 1903 yana da kashi mai suna Pagodes inda ake jin amon gamelan ɗin nan. A 1905 aka buga Suite bergamasque, wanda a cikinsa ne Clair de lune yake, wato Farin Wata, kiɗan da mutane da yawa suka sani daga fina-finai ba tare da sanin mai shi ba. Sai Préludes, littafi biyu, 1910 da 1913, kowanne da kiɗa 12. Wani abin sha'awa, a ƙarshen kowane kiɗa yake rubuta sunansa, don mai kaɗawa ya fara ji da kunnensa kafin a gaya masa abin da zai gani. Waɗanda suka ji shi yana kaɗawa sun ce taɓinsa mai laushi ne ƙwarai, kuma yana son a manta cewa akwai guduma a cikin fiyano. Fedar ƙafa ita ce rabin aikin, domin ita ke barin sautukan damin su narke cikin juna. 'Yan jarida suka laƙaba masa sunan masu zanen zamaninsa, Impressionist, sunan da ya ƙi jini har ya mutu.

Inda ba zan kare shi ba

Da na fara karanta tarihinsa na so in same shi mutumin kirki kamar yadda kiɗansa yake da taushi. Ban same shi haka ba. Ya yi shekaru yana zaune da wata mata, Gabrielle Dupont, wadda ta sha talauci tare da shi, ya rabu da ita. A Oktoba 1899 ya auri Lilly Texier, mai tallan tufafi a gidajen ɗinki, wadda ta so shi tsakani da Allah. A 1904 ya fara soyayya da Emma Bardac, mawaƙiya, matar wani mai banki, kuma mahaifiyar wani ɗalibinsa. Ya tura Lilly gidan mahaifinta a ƙauye, ya tafi tsibirin Jersey da Emma a ɓoye, sannan ya sanar da matarsa ta wasiƙa cewa aure ya ƙare. A watan Oktoba na shekarar, kwanaki kaɗan kafin aurensu ya cika shekara biyar, Lilly ta harbi kanta. Ba ta mutu ba, amma harsashin ya zauna a jikinta har ƙarshen rayuwarta.

Faris ta ɗauka. Abokai da yawa suka juya masa baya, har da André Messager wanda ya jagoranci makaɗan Pelléas. Wasu suka haɗa wa Lilly kuɗin zaman gari, cikinsu har da Maurice Ravel. Da aka fara kaɗa babban aikinsa La mer, wato Teku, a Oktoba 1905, an karɓe shi da sanyi, kuma fushin da ake yi da shi yana cikin dalilan. Na ga marubuta suna cewa haka masu baiwa suke. Ni ban yarda ba. Mutumin da yake iya jin bambancin rabin taki a cikin makaɗa tamanin bai rasa kunnen jin kukan matarsa ba, ƙin ji ya yi.

Abin da ya ɗan sassauta mini zuciya a kansa shi ne 'yarsa. An haifi Claude-Emma, wadda ake kira Chouchou, ranar 30 ga Oktoba, 1905, iyayen kuma suka yi aure a 1908. Ita ce ɗiyarsa tilo, kuma ya so ta kamar ransa. Dominta ya rubuta Children's Corner a 1908, kaɗe-kaɗe shida game da 'yar tsana da giwar wasa da dusar ƙanƙara. Na ƙarshensu ya ari salon ragtime na baƙaƙen Amurka, a tsakiya kuma ya tsokani Wagner ta hanyar ɗauko karinsa mafi shahara ya bi shi da 'yar dariyar fiyano.

Ciwo, yaƙi da rasuwa

Duk da suna, bashi bai taɓa sakinsa ba. Gidan da ya kama a unguwar masu kuɗi ya fi ƙarfin aljihunsa, dole ta sa ya riƙa yawon jagorantar makaɗa a Ingila da Italiya da Rasha, aikin da bai ƙware a kai ba. A 1909 alamun ciwon daji na hanji suka bayyana. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 ya yi watanni bai rubuta abin kirki ba. Sai a bazarar 1915, a wani gida a bakin teku, aiki ya ɓalle masa kamar an buɗe famfo. Ya rubuta Études guda 12 na fiyano, waɗanda ya sadaukar ga Chopin, ya kuma fara jerin sonata shida da ya yi niyya. Uku kawai ya samu gamawa. A Disamba na shekarar aka yi masa tiyata mai tsanani, bai ƙara samun lafiya sosai ba.

A hunturun 1917 kwal ya yi wuya a Faris, gidansa ya yi sanyi. Mai sayar masa da kwal ya taimaka masa, shi kuma ya rubuta masa ɗan gajeren kiɗan fiyano ya ba shi. Takardar ta ɓace wa duniya har sai 2001 da aka gano ta. A watan Satumba na 1917 ya yi wasansa na ƙarshe a gaban jama'a, inda ya raka mai goge a sonatarsa ta uku. Ya rasu ranar 25 ga Maris, 1918, yana da shekara 55, a daidai lokacin da manyan bindigogin Jamus ke jefa wa Faris wuta daga nesa. Mutane kaɗan ne suka bi gawarsa ta titunan da suka yi wayam zuwa maƙabartar Père Lachaise. Shekara ta zagayo aka mayar da shi maƙabartar Passy. A wannan shekarar, 1919, cutar mashaƙo ta ɗauke Chouchou tana da shekara 13. Emma ta rayu har 1934, kuma su ukun a wuri ɗaya suke kwance.

Bayan rasuwarsa damin tara ya yi tafiya mai nisa. Makaɗan jaz na Amurka sun saurare shi da kyau. Bix Beiderbecke ya fitar da wani kiɗan fiyano, In a Mist, a 1927, wanda duk mai kunne zai ji Debusi a cikinsa, Bill Evans kuma a shekarun 1950 da 1960 ya gina salonsa a kan irin waɗannan damuna masu laushi. Ba zan ce daga Faris kaɗai jaz ya samo su ba, domin baƙaƙen Amurka suna da tasu hanyar ta bulus, kuma masu jitar James Brown da suke sarar damin tara kamar ganga ba farin wata suke zanawa ba. Daga jaz da bulus ɗin ne abin ya gangaro cikin hailaif da sauran kaɗe-kaɗen da ake yi a bukukuwanmu. Da na natsu na kalli hannun kawu, sai na ga shi ma yana danna re, fa, la, do, mi a tsakiyar waƙa sau da yawa, a ƙarshe ne kawai ba ya yarda.

A 1913 Debusi ya kaɗa wasu ayyukansa a kan wata na'ura ta kamfanin Welte-Mignon, wadda ke huda takarda gwargwadon yadda aka danna maɓallai, saboda haka har yau ana iya jin kusan yadda hannunsa yake tafiya. A hutun da ya wuce na kunna wa kawu ɗaya daga ciki a wayata, wanda ake kira La cathédrale engloutie. Ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya sa na maimaita daƙiƙun ƙarshe sau biyu. A nan Debusi ya sauka a kan do, amma ya bar re yana amo a cikin damin kafin ya ɗauke shi. Kawu ya jawo kibod ɗinsa ya nemo wurin, ya danna, ya ɗan jima yatsunsa na kai, sannan ya ce in kashe waya mu fara atisaye, akwai biki ranar Asabar.